Ajiyar Gidan Manolache

Duk wanda ya ce muku Tanti Profira ɓarauniya ce, ku turo mini shi. Na tsufa, ƙafafuna sun kumbura, amma bakina bai mutu ba tukuna. Fiye da shekara talatin muna girki a kicin ɗaya ni da ita, a Gidan Manolache da ke kan tudun Copou, nan Iaşi, kuma ko gishirina ba ta taɓa ɗiba ba sai ta tambaya. Abin da ya same ta ya fi sata muni, shi zan gaya muku.

Gidan kun san shi, ko da daga waje ne. Yanzu an shafe shi da fenti ruwan ƙwai, an sa ƙofar ƙarfe da mai gadi. Wanda ya gina shi, Iordache Manolache, ƙauyuka gare shi da mutanen cikinsu, alkamarsa har bakin teku ake kai ta. Duk hunturu sai ya gudu Italiya ya bar talakawansa da sanyi, in bazara ta yi ya dawo da akwatunan katako cike da hotunan fenti. Ɗansa ya ɗora daga inda ya tsaya, jikansa ma haka, har babban zauren bene ya cika daga ƙasa zuwa rufi. Profira ce ta ba ni labarin, don ni ban tarar da su ba. Ta ce akwai kakannin gidan da gemu da hulunan gashi, akwai jirage cikin hadari, akwai mata tsirara da 'yan aiki ke wucewa kai a sunkuye. Akwai wani kuma na mushen zomo a rataye kusa da inabi, wanda har ta mutu ba ta gane dalilinsa ba. "Mutum da hankalinsa," in ji ta, "ya tsallaka ƙasashe ya sayo mushe ya rataya a ɗaki."

Ita daga wani ƙauye na wajen Vaslui aka kawo ta, tana 'yar yarinya, ba ko takalmi, don ubanta 'ya'ya mata sun yi masa yawa. Aikinta murhu: ta hau da itace, ta kwashe toka, ta hura wutar ɗumama ɗakuna kafin masu gida su tashi. Kula da zauren hotuna na manyan 'yan aiki ne, ba wanda ya taɓa koya mata, ba wanda ya ga dalilin koya wa mai toka. Amma akwai wani ɗan ƙaramin hoto kusa da murhun zauren, a kan allon katako, bai fi faranti girma ba: Maryamu da Jaririnta a cinya. An ce shi ya fi komai daraja a gidan, wani gwanin Italiya ne ya zana shi tun zamanin da ba mai tunawa. Profira ba ruwanta da Italiya. Ita dai ta ga Uwar Ubangiji, irin wadda ke kusurwar ɗakin uwarta a ƙauye, sai dai wannan ta fi kyau, kuma an bar ta haka nan ba fitila ba mayafi. Duk safiya sai ta ajiye bokitin toka ta yi alamar gicciye, kuku da direba suna mata dariya.

Yaƙi ne ya zo ya cinye zauren. Manyan hotunan an loda su za a kai Bucureşti, babban birnin ƙasa, aka yi ruwan bama-bamai a tashar jirgi, rabi suka ƙone a can. Sojojin da aka sauke a gidan suka yayyanka wasu suka toshe tagogin da suka fashe, suka riƙa gwada saiti a idanun kakanni. Da ƙura ta lafa sai gwamnatin gurguzu ta hau, aka kama maigidan na lokacin aka kai shi gidan yari, bai fito ba. Matarsa, Uwargida Smaranda, ta samu izinin barin ƙasar da akwati ɗaya, akwatin da ta san za a zazzage a kan iyaka. Manyan 'yan aiki duk sun watse, kowa na rantsuwa bai taɓa cin gurasar masu sarauta ba. Mai toka kaɗai ta rage.

Ranar tafiya Uwargida ta sauko da kanta har ɗakin Profira na ƙarƙashin matakala, wurin da ba ta taɓa takawa ba, da allon naɗe a cikin gyalenta.

"Profira, 'yata, ki riƙe mini ita. Kada kowa ya san daga sama ta fito. Ki kula da ita yadda za ki kula da uwarki."

"To, Uwargida."

"Zan dawo. A nan zan same ki, ko?"

"Ina za ni, Uwargida?"

Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba a ce mata kada a shafa masa komai ba, ba a ce kada hayaƙi ya taɓa shi ba. Kula aka ce, ita kuwa kula iri ɗaya ta sani. Ta kafa allon a bangon gabas, ta yafa masa farin ƙyalle mai surfani da uwarta ta saƙa, ta soka busasshiyar ɗoɗɗoya a bayansa, ta rataya 'yar fitilar mai a gabansa ta kunna. Ta kuma lallaɓo limamin cocin unguwa a ɓoye ya yayyafa masa ruwan tsarki, don ta lura tun zuwansa daga Italiya ba wanda ya yi masa wannan gatan.

Ba a daɗe ba jami'an gwamnati suka zo kwashe abin da ya saura a gidan. Har madubai da cokula ba su bari ba. Da suka leƙa ƙarƙashin matakala, wani saurayi a cikinsu ya ga fitila da ƙyalle da ɗoɗɗoya, ya yamutsa fuska.

"Kwamared, har yanzu kina cikin duhun kai? Tarkacen ƙauye ne, ku mu je."

Abin da suka fi nema na gaban hancinsa, ya juya ya fita. Daga ranar Profira ta ƙudurta a ranta cewa fitilar ce ta rufe masa ido, ni kuma har yau ban ce ta yi ƙarya ba.

Ni na shigo gidan ina amarya, ni da Neculai mijina, Allah ya ji ƙansa, muna aiki a masaƙa. Lokacin an yayyanka zauren hotuna da katako an zuba iyalai a ciki. Akwai wani mala'ika da aka zana a rufin. Mu muka samu ƙafafunsa, kansa na ɗakin wani mai walda da ke dukan matarsa. A bango ana ganin gurbin kowane hoto da ƙusarsa, mu kuwa muka rataya kwat da albasa a kai. Kicin ɗaya ne na kowa, a nan na san Profira. Siririya ce, ba ta da yawan magana, shara take yi a wata makaranta. Yaran gida ke ce mata Tanti, har mu manya muka ɗauka.

Ranar da na fara shiga ɗakinta aron rariya na ga hoton. Ni ba mai yawan ibada ba ce, amma na tsaya. Ya fara duhu, ruwan zuma-zuma, sai dai komai na nan: shuɗin mayafi, kai a ɗan karkace, Jaririn ya damƙe babban yatsanta. Fuskar ba irin ta tsarkakan cocinmu ba ce. Fuskar mace ce da ta gaji, wadda ta san ɗan nan ba zai daɗe a hannunta ba. Na manta da rariyar na fita.

Na sha ganin yadda take yi da shi. Safe da yamma sai ta sumbace shi. Fitila ba ta mutuwa. Alhamis ɗin kafin Ista ta sauke shi ta wanke da giyar inabi, ta shafe shi da mai har ya yi ƙyalli. Kada ku ce me ya sa ban hana ta ba. Da wane ilimin zan hana ta? Haka uwata take yi da nata, haka uwar kowa take yi. A ƙauyukanmu hoton tsarkaka in ya yi baƙi, gidan masu ibada yake, mai haske shi ne wanda aka yi wa sakaci. Ko ɗaya daga cikinmu bai san cuta ake yi masa ba.

Tana wajen shekara arba'in wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Toader, ya fito neman aurenta. Matarsa ta rasu, mutum ne mai sanyin hali, ba ya sha sai ranar biki. An yi masa canjin aiki zuwa Galaţi, an ba shi ɗaki biyu da ruwan zafi a famfo. Ruwan zafi a famfo fa! Mu da muke layin bokiti. Ya zo ya zauna a kicin, hularsa a gwiwa.

"Profira, ki haɗa kayanki. In allon ne, ki ɗauko shi, akwai bango a Galaţi."

"Ba zan iya barin gidan nan ba, Toader."

"Wa kike jira?"

Ba ta da ikon faɗa masa. Shi kuwa ya ɗauka wani namijin ne, ya sa hularsa ya fita, ko shayin bai sha ba. Na hau ta da masifa tana tuƙa mamaliga, tuwon masararmu. Na ce mata sakarya, na ce a ƙarƙashin matakala za ta mutu ba mai rufe mata ido. Sai da na gaji don kaina ta rufe ƙofar kicin, ta raɗa mini labarin duka, ta sa na rantse da 'ya'yana.

"Haba Tanti!" na ce. "Uwargidar taki na can Paris tana cin kaza, ko sunanki ba ta tunawa."

"Ta ce a nan za ta same ni, Aurica."

Ba ta ƙara yi mini magana ba sai da Kirsimeti, da ta kawo wa yarana gurasa mai zaƙi.

Sau ɗaya na ja ta gidan tarihi, inda aka rataye ragowar hotunan gidan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da suna, kakannin da harsashi bai samu ba. Mushen zomon ma na nan, shi ba abin da ya same shi. Mai gadi ya daka mata tsawa da ta miƙa hannu za ta share wa wani ƙura. Muka fito ranta a ɓace. "Kin gani?" ta ce. "Ɗaki sanyi ƙalau, ba fitila, ba mai taɓa su. Tawa ta fi su gata."

Shekarun ƙarshe na gurguzu, waɗanda suka gani ba sai an tuna musu ba. A ɗauke wuta, a kashe ɗumi, mu kwanta cikin kwat da safar hannu. Man girki sai da kati, ɗan abin da ba zai kai wata ba, kuma sai an sha layi cikin ƙanƙara. Profira ba ta taɓa sa nata a tukunya ba. Gayan mamaliga take ci da albasa, man kuma na fitila ne. Man ma wane iri, baƙi-baƙi mai ƙarnin kifi, in ya kama lagwani hayaƙi kawai yake tofarwa. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a layi, aka kawo ta gida a amalanke. Na shiga ɗakin da niyyar in yi jifa da fitilar nan, na rantse muku. Ta damƙe hannuna daga kwance, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ki bar ta cikin duhu a wannan sanyin? Ke uwa ce fa."

Na zage ta tas, na je na raba nawa man biyu na kawo mata, na ce wannan na ci ne. Na san inda ya tafi.

Kafin gwamnatin ta faɗi, bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin, hoton kuma ya koma kamar gindin tukunya. In ka matsa sosai kana iya ganin inuwar kai, shi ke nan. Ita ma Profira yanar ido ta rufe mata idanu, haske da duhu kawai take bambancewa. Na ce mata, "Tanti, ba a ganin komai fa yanzu." Ta ce, "Ke ce ba kya gani." Ita a wajenta shuɗin nan na nan yadda aka miƙa mata shi.

Sai aka fara mayar wa masu gidaje gidajensu. An daɗe ana shari'a, daga baya aka ce mu nemi wurin zuwa, magada sun ci. Kowa na kuka da zagi, Profira kaɗai ke murna. Uwargida Smaranda ta daɗe da rasuwa a Paris, jikarta ce za ta zo, Ruxandra. Ranar zuwanta Profira ta buɗe akwati ta ciro kayan da ta tanada don a binne ta da su, baƙar riga da ɗankwali da sabon takalmi, ta saka. Ba ta da wasu na kirki. Ta ce in tsaya kusa da ita saboda kunnenta ya yi nauyi.

Ruxandra ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa. Mace ce mai kamun kai, harshenmu da ƙyar yake fita bakinta. Ta sunkuya ta shiga ɗakin, lauyanta na biye yana kare kwat ɗinsa daga bango. Profira ta lalubi hannunta ta sumbata.

"Sannu da zuwa, ƙaramar Uwargida. Ga ta nan. Ban bar ta cikin duhu ba ko sau ɗaya."

Ruxandra ta ciro wani tsohon hoton kyamara na allon daga jaka, wanda kakarta ta ajiye kusa da gado har ta mutu. Ta dube shi, ta dubi allon. Ta sauke allon ta kai bakin taga, ta dawo yatsunta duk baƙin maiƙo.

"Ba wannan ba ne," ta ce a hankali. "Ba zai yiwu ya zama wannan ba."

Lauyan kuwa bai rage murya ba, ya ɗauka tsohuwar ba ta ji. "Madam, ai na gaya miki. Haka suke duka. Ta sayar wa wani baƙo tun tuni, ta rataya allon ƙauyensu a wurin. Gobe masanin hotuna zai iso daga Bucureşti ya tabbatar miki, sai mu san abin yi."

Kunne mai nauyi, amma wannan ta ji shi tsaf. Na bi lauyan har ƙofar gida, na zagi uwarsa, na zagi kwat ɗinsa. Da na dawo na same ta zaune a bakin gado, hannu a cinya.

"Aurica, da gaske ba a ganin ta?"

"Hayaƙi ne ya rufe ta, Tanti. Ki bari goben ta yi, mai ilimin zai gani."

"Mai ilimin nasu ne," ta ce. "Abin da lauya ya ce, shi zai ce."

Washegari da safe na tafi duba ɗakin da 'yata ta samo mini a bayan gari. Da na dawo wajen tsakar rana, tun daga ƙofar gida na ji wari, warin da duk 'yar ƙauye ta sani: ruwan toka da soda, abin da muke wanke daɓen katako da shi kafin biki, don ba maiƙon da yake bari. Na yar da jaka na ruga.

Tana durƙushe a ƙasa cikin kayan binnewarta, allon a cikin baho, buroshin daɓe a hannunta. Ruwan bahon baƙi ne, da ɗan shuɗi da ɗan ja suna yawo a sama. Hannuwanta sun saluɓe har wuyan hannu, fatar ta yi fari ta tattare, ita ko a jikinta. Allon kuwa fes, katako tsantsa, irin wanda ake yanka albasa a kai.

"Ya fita, ko?" ta ce tana haki. "Na ji santsin ya tafi. Yanzu sai su gani."

Na ɗaga ta na zaunar, na wanke hannuwan da ruwan sanyi na naɗe su da tsumma, ina kuka ba sauti. Ina cikin ɗaurewa suka shigo, Ruxandra da lauyan da masanin, wani dattijo mai tabarau. Ya tsaya ya daɗe yana duban bahon. Sa'an nan ya tsuguna ya ciro allon da hannu biyu, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya bi gefensa da gilashin ƙara girma. A can ƙurya, inda buroshi bai kai ba, akwai ɗan shuɗi kamar farcen jariri.

"Shi ne," ya ce. "Shi ne, Madam. Hayaƙi da mai ba su kashe shi ba, rufe shi kawai suka yi. Da an bar mini shi yadda yake jiya, da kafin baɗi na fito miki da fuskar."

Ruxandra ta zauna a kan matakala ta rufe fuska. Lauyan ya duƙufa kallon takalminsa.

"Me ya ce?" Profira ta tambaya. "Aurica, me ya ce?"

Na sa baki a kunnenta. "Ya ce ita ce, Tanti. Ya ce ba ki saci komai ba."

Ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta ranar ba, duk dasashi a waje. "To, kun ji! Ƙaramar Uwargida, kin ga yadda ya riƙe yatsanta? Ku ba ni in yi mata sallama."

Dattijon ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya san yadda zai hana. Ya ɗora mata allon a kan naɗaɗɗun hannuwanta. Ta sunkuya ta kai bakinta inda take kaiwa kullum. Ta ɗan tsaya. Ta matsa gefe ta sake sumbata, ta sake matsawa, leɓɓanta na bin allon daga sama har ƙasa. Sa'an nan ta ɗago kai, ta juya makafin idanunta wajen da nake.

"Aurica, wannan ai katako ne. Ina kuka kai ta?"



Ruxandra ta hana a fitar da ita daga ɗakin, a nan ta yi hunturunta na ƙarshe. Kullum ina zuwa in ba ta abinci a baki, don hannuwan ba su ƙara riƙe cokali ba. Ba ta sake yi mini wata magana ba sai wannan tambayar, duk sanda ta ji takuna a bakin ƙofa, har ranar da na zo na tarar ba mai tambaya.